Filin Tambaya da Amsa: Wace Ƙaramar Motar Zango Zan Saya?

Wasiƙun wannan watan kusan duk sun taru a kan abu guda, wato motar zango: motar nan mai gado da murhu a cikinta, wadda mutum zai tuƙa da rana, inda dare ya riske shi ya tsaya ya kwana. Na riƙe irin wannan mota har guda uku, ɗaya bayan ɗaya, kuma daga abin da na gani a cikinsu zan amsa. Na zaɓi wasiƙu biyar, na taƙaita su saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da maiɗakina da yaranmu biyu, babban shekararsa 9, ƙaramar 5, mun daɗe muna fita hutu da tanti. Mun gaji da kafa shi cikin duhu da naɗe shi a jiƙe. Abin da muka tara mota ɗaya tak zai saya, kuma da ita zan riƙa zuwa aiki. Hankalina ya rabu biyu: ƙarama mai rufin da ake ɗagawa, ko babba mai dogon rufi da banɗaki a ciki. Maiɗakina ta fi son babbar. Ina mafita?
Daga wani uban yara biyu

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da ka ce mota ɗaya tak, kuma da ita za ka je aiki, ai ka yanke rabin hukuncin da kanka. Ƙirga ka gani. Ko da kun kasance masu yawan fita, da wuya ku wuce dare talatin ko arba'in a waje cikin shekara. Sauran kwanaki ɗari uku da wani abu motar nan tana cikin gari, tana neman wurin tsayawa, tana shiga lunguna, tana kai yara makaranta. Don haka kafin ka kalli gado ko murhu, ɗauki tef ɗin awo ka auna ƙofar garejinka da wurin da kake ajiye mota a wajen aiki.

Ƙananan motocin zango, irin su Volkswagen California da Mercedes Marco Polo, da gangan aka ƙera su tsayinsu zuwa sama ya tsaya ƙasa da mita 2 idan rufi yana rufe, domin yawancin wuraren ajiye motoci masu rufi suna da shinge a wajajen wannan tsayin. California ta ƙirar T6.1 tsawonta mita 4.9 ne, Marco Polo kuma mita 5.14. Wanda ya saba da babbar motar iyali ba zai ji baƙunta ba idan ya kama sitiyarinsu. Babbar kuwa, wadda galibi ake ginawa a kan Fiat Ducato ko 'yan'uwanta Peugeot Boxer da Citroën Jumper, tsawonta yakan zama mita 5.41, ko 5.99, ko 6.36, tsayinta kuma ya haura mita biyu da rabi. A hanya tana da daɗin tuƙi, ba ta da laifi ko kaɗan. Amma wanda zai shiga cunkoso da ita kullum safiya, wata biyu ya isa ya fara jin nauyinta a zuciya, daga nan sai ta koma ajiya. Abin da na fi gani ke nan a wurin mutane: an sayi babba saboda dare talatin, ta wahalar da mai ita kwana ɗari uku.

Sai dai kada ka yi watsi da maganar maiɗakinka, tana da hujja mai ƙarfi. A babbar mota mutum yana miƙewa tsaye duk lokacin da ya so, gado yana nan a shimfiɗe a baya ba sai an haɗa ba, kuma faɗin Ducato, kimanin mita 2.05 daga waje, yana ba da damar a kwanta a gicciye, abin da ƙananan ba sa iyawa. A ƙarama kuwa komai aiki biyu yake yi. Kujerar baya ita ce gado. Teburin cin abinci shi ne wurin yanka kayan miya. Kowane dare sai an kwashe jakunkuna daga baya an ɗora su a kujerun gaba kafin a kwantar da kujera, kowace safiya a mayar. Idan ana ruwan sama kuma yara biyu suna ciki, wannan ɗan aikin na minti goma yana iya ɓata wa kowa rai. Ka gaya mata gaskiyar wannan tun yanzu, kada ta tarar da shi a daren farko.

Bari in ba ka labarin motata ta farko. Na saye ta ne saboda kabad-kabad ɗinta: katako mai sheƙi, durowoyi suna rufuwa a hankali ba ƙara, har da ɗan wurin jera kofuna. Na buɗe kowace ƙofa, na zauna a kowace kujera, abu ɗaya ne ban yi ba, ban kwanta a gadon ba. Tsayina mita 1.83. A daren farko na tarar idan kaina ya samu wuri, tafin ƙafata yana dafe da ƙarfen ƙofar baya, ƙarfen kuma sanyi ƙalau. Ga wata gaɓa a tsakiyar katifa, inda mazaunin kujera ya haɗu da majinginta, ta faɗo daidai ƙuguna. Shekara biyu na yi ina kwana a karkace kafin na rabu da ita. Tun daga lokacin, duk wanda ya ce in raka shi duba mota, abin da nake fara sa shi yi shi ne ya cire takalmi ya hau gado ya miƙe, shi da wanda za su kwana tare, a rufe ƙofofi, su yi minti goma a haka. Mai sayarwa zai yi ta kallonku, ku bar shi ya kalla.

Ga abin da za ku tarar idan kun kwanta. A ƙananan motoci masu kicin a gefe guda, kabad ɗin kicin ya cinye wani ɓangare na faɗin motar, don haka gadon ƙasa ba ya kai mita 1.2. Gadon sama, wanda ke cikin rufin da ake ɗagawa, a California mita 2 ne a tsawo, 1.2 a faɗi, kuma sau da yawa ya fi na ƙasa daɗi tunda shimfiɗa ce guda ba gaɓa. Akwai kuma ƙirar da ba ta da cikakken kicin, wadda gadonta na ƙasa yake kai kusan mita ɗaya da rabi. Idan ku masu girki a waje ne dama, kamar yadda masu tanti suka saba, wannan ƙirar ta cancanci ku duba ta da kyau. Ford Nugget kuma wata hanya ta bi: kicin ɗinta yana can baya gaba ɗaya, wurin zama a tsakiya, saboda haka mai girki ba ya tare wa kowa hanya, kuma tana da kujeru biyar. Ga iyali mai yara, wannan tsarin yana burge ni sosai.

Yanzu maganar da ba na sassauci a kanta: kujerun yara. Ka ƙirga bel, kada ka ƙirga gado. Mota tana iya kwanar da mutum huɗu alhali mutum biyu kawai za ta iya ɗauka lafiya a kan hanya. Kujerar baya dole ta kasance mai fuskantar gaba, mai bel na kafaɗa da ƙugu, wadda aka gwada ƙarfinta a gwajin haɗari, aka kuma ɗaure ta da ƙashin motar, ba da katakon daɓe kawai ba. Benci mai fuskantar gefe na zaman hira ne idan an tsaya. 'Yarka mai shekara 5 tana buƙatar kujerar yara, don haka ka duba ko akwai maƙalan ISOFIX, wato ƙarafan da ake maƙala kujerar yara a jikin kujerar mota, ka kuma zo da kujerar tata ranar dubawa ka ɗaura ka gani. Idan yaran za su kwana a sama, a tabbatar akwai ragar da ke tare bakin gadon.

Sai nauyi, wanda kusan kowa yake mantawa. A jikin ginshiƙin ƙofa ko a ƙarƙashin murfin inji akwai ɗan allo da ke nuna iyakar nauyin da motar za ta kai da duk abin da ke cikinta. A ce an rubuta kilo 3,000, ita kuma motar da kabad da firji da batir ta riga ta kai 2,500. Saura 500. Ku biyu manya ku ɗauki 150, yara 60. Ruwa lita 30 kilo 30 ne. Ƙara tukunyar gas, rumfar gefe, kujeru da tebur na waje, kekuna huɗu da abin rataye su, tufafi, tukwane, kayan abinci. Kafin ka ankara ka iso bakin iyaka. Na taɓa hawa sikelin manyan motoci da mota ta biyu muna shirin doguwar tafiya, na tarar tayoyin baya suna ɗauke da fiye da abin da allon ya yarda, duk da jimillar ba ta wuce ba. Sai da muka sauke kaya a gefe muka sake jera su, masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya. Mota mai kaya fiye da kima birkinta yana ja kafin ya kama, tayoyinta suna zafi. Kuma a Turai da ƙasashe da dama, lasin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, wanda babbar mota mai mita 6 cike da mutum huɗu tana iya taɓawa cikin sauƙi.

Shawarata a gare ku ita ce ƙarama mai rufin ɗagawa, ku haɗa da rumfa ko tantin da ake jonawa a ƙofar gefe, tunda kun riga kun iya kafa tanti. Amma kafin ku biya ko sisi, ku yi hayar irinta na kwana uku, ku huɗun duka, kuma in da hali ku zaɓi lokacin da ake sa ran ruwa. Gani ya kori ji. Idan kun dawo maiɗakinka ta ce ba za ta iya ba, ka yarda da ita, ku sake lissafi.

TAMBAYA: Malam, ina so in riƙa fita da mahaifiyata, shekarunta 72, tana fama da ciwon gwiwa, kuma takan tashi sau biyu ko uku da dare. Ƙaramar mota za ta yi mana, ko dole sai mai banɗaki?
Daga wata mai karatu

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa Mama lafiya. A nan amsata ta sha bamban da wadda na ba mai tambayar farko. Gadon sama ki cire shi daga lissafin Mama gaba ɗaya, domin hawansa sai an taka kujerar gaba an ɗaga jiki da ƙarfin hannu ta wata 'yar kafa. Ke ce za ki kwana a sama, ita a ƙasa.

Matsalar ita ce, a yawancin ƙananan motoci idan an shimfiɗa gadon ƙasa, filin da ya rage tsakanin gado da kujerun gaba ɗan kaɗan ne. Masai na tafi-da-gidanka, irin mai tanki biyu, na sama ruwan wankewa na ƙasa mai tara ƙazanta, yana iya zama a wurin, amma ki gwada da idonki: a shimfiɗa gado, a ajiye shi, Mama ta sauko ta zauna ta tashi. Irin waɗannan gajeru ne, kuma tashi daga gajeren mazauni shi ne abin da mai ciwon gwiwa ya fi jin jiki a kai. Ki nemi mafi tsayi, ki kuma sa a kafa mata mariƙi a inda hannunta zai kai. Haka matakin shiga ta ƙofar gefe: ki auna tsayinsa daga ƙasa, ki tanadi ɗan matakala mai faɗi wanda ba ya zamewa.

Idan aljihu da wurin ajiya sun yarda, akwai matsakaiciya. Nugget Plus, mai ɗan ƙarin tsawo, tana da masai kafaffe a baya. Ducato mai mita 5.41 kuma ita ce mafi gajarta da aka saba samu da ɗan banɗaki mai ƙofa, ga shi tana jan tayoyin gaba, abin da ya sa daɓenta bai yi tudu sosai ba. Wurin wanka a ciki ban damu da shi ba, yana cin fili da ruwa, ya bar danshi. Amma masai mai ƙofa, ga dattijuwar da za ta tashi cikin dare, mutunci ne da kwanciyar hankali, kuma shi zai sa ta yarda ta sake binki karo na biyu. Ki sa mata ƙaramar fitila mara haske sosai a ƙasa kusa da ƙafa, wadda za ta kwana a kunne.

TAMBAYA: Nawa ne girman batir da solar da nake buƙata? Ina so in kunna firji, fanka, kwamfuta, da butar dafa ruwa ta lantarki. Wani ya ce har na'urar sanyaya ɗaki zan iya sawa.
Daga wani ma'aikaci mai aiki ta intanet

AMSA: Malam, ɗauko takarda da biro mu yi lissafin tare, ba shi da wuya. Da farko, motar zango batir biyu take da shi: na tayar da inji, da na zaman gida. Ba a haɗa su idan inji yana kashe, don kada firji ya shanye na inji ka wayi gari mota ta ƙi tashi a inda ba kowa.

Batir mai 100Ah a kan volt 12 yana riƙe da awon wuta 1,200Wh, wato abin da zai ba da watt 1,200 na awa ɗaya. Idan na dalma ne, har da irin da ake kira AGM, rabin wannan kawai ya kamata ka sha, wato 600, in ba haka ba zai mutu da wuri. Na litiyam, wanda ake rubuta wa LiFePO4, yana ba ka kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, nauyinsa kuma kusan rabin na dalma ne. Sharaɗinsa guda: ba a yi masa caji idan sanyi ya kai ƙasa da digiri 0, sai in yana da abin ɗumama kansa.

Firji mai kwamfaresa, a ce yana jan watt 45 kuma yana aiki sulusin yini, awa 8 ke nan, ya ci 360Wh. Idan zafi ya tsananta zai fi haka. Ƙara fanka da fitilu da kwamfuta da waya, za ka ga kana wajajen 600 ko sama a yini. Ma'ana batir ɗin dalma mai 100Ah kwana ɗaya zai yi maka a tsaye. Farantin sola mai watt 100 a rana mai kyau yakan dawo maka da 300 zuwa 400Wh, amma ka tuna mai zango inuwa yake nema, sola kuma rana yake so. Shi ya sa nake son farantin da ake naɗewa mai doguwar waya: mota a ƙarƙashin bishiya, shi a fili. Wanda ke tuƙi kullum kuma, injin motarsa ne babban mai caji. Sai dai sababbin motoci altanetarsu, wato na'urar da inji ke juyawa ta yi wa batir caji, tana rage wuta da kanta don tsimin mai, saboda haka ana sa ƙaramar na'urar caji tsakanin batiran biyu domin na zaman gida ya cika sosai.

Butar lantarki ka bar ta a gida. Mai watt 2,000 za ta ja sama da amfiya 160 daga batir mai volt 12, wanda ke buƙatar babbar inbata da wayoyi masu kauri kamar yatsa. Murhun gas zai tafasa maka ruwan ba tare da wannan ɗawainiya ba. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa, a ƙaramar mota ba za ta kwana a kunne da batir irin wannan ba, sai a sansanin da ake jona wutar waje. Abin da ke aiki da gaske shi ne fankar rufi mai zuƙo iska waje, da taga a buɗe mai ragar sauro, da labule mai mayar da hasken rana a gilashin gaba. Mai rufin ɗagawa yana da sa'a a nan, don idan ya zuge tagogin tamfol ɗin sama iska tana ratsawa ta ko'ina.

Abu na ƙarshe, ko waye ya yi maka wayarin, ka sa ya nuna maka fis ɗin da ke dab da kan batir. Idan babu, kada ka kwana a motar.

TAMBAYA: Sabuwa ta fi ƙarfina. Zan sayi ta hannu, ko kuma in sayi motar kaya in ba kafinta ya gyara min cikinta. Me zan duba?
Daga wani matashi

AMSA: Ƙanena, duka biyun hanya ce mai kyau, kuma ba sabon abu ba ne. Asalin sana'ar ma haka ta faro: Volkswagen ta fara fitar da motar kayanta a 1950, a 1951 kamfanin Westfalia na Jamus ya fara yin wani akwatin zango da ake sawa a cikinta a cire idan an dawo. Har gobe ana yin irin wannan akwatin don ƙananan motoci kamar Caddy da Berlingo da Kangoo, mai ɗauke da murhu da jarkar ruwa da gado mai naɗewa. Ga mutum ɗaya ko biyu masu ƙaramin ƙarfi, ni daga nan nake so su fara.

Idan ta hannu za ka saya, ka tuna abu biyu kake saye, mota da ɗaki, kuma motar ce gaba. Kabad ana sake shi a mako guda, tsatsar ƙashin mota kuwa ba ta da magani mai sauƙi. Ka tafi da tocila da tabarma ka kwanta a ƙarƙashinta. Duba bakin tayoyi, ƙasan ƙofofi, layin da ƙofar gefe ke gudu a kai, da kewayen duk inda aka yanka ƙarfe aka sa taga ko rufi. Ka je da bakaniken da ka yarda da shi, ka ce kada a tayar da injin kafin ku iso, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Ka tambayi yaushe aka canja bel ɗin inji, a nuna maka takarda. Idan mai dizal ce ta zamani, tana da matatar hayaƙi da ke toshewa idan gajerun tafiye-tafiye kawai ake yi da ita, ka sa a duba.

Tayoyi ma suna ruɗin mutane. Motar zango tana yawan zama, don haka zanen tayar yana nan kamar sabo alhali robar ta tsufa ta fara tsagewa. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu: 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Ka kuma tabbatar irin na motar kaya ne, masu alamar C.

A cikin ɗakin kuma hancinka ne jagora. Shiga ka rufe ƙofa ka shaƙa. Warin fumfuna, ko turaren da aka fesa da yawa, duka labari ɗaya suke bayarwa. Ɗaga katifa, danna bango a kusurwoyi da ƙarƙashin tagogi, in ya yi laushi ruwa ya shiga. A ɗaga rufin a gabanka, ka duba tamfol a wajen maƙalan ƙarfe, nan ne yake yagewa idan an sha datse shi. Dabarar sauke shi ita ce a bar ƙofa ko taga a buɗe don iska ta fita, a tsaya a rabi a janyo tamfol ɗin ciki da hannu, sannan a ƙarasa. Wanda ya nuna maka haka ba tare da ka tambaya ba, ya kula da motarsa.

Idan kafinta za ka ba, ka zaɓi motar da makanikai suka sani kuma kayan gyaranta ke samuwa a inda za ka riƙa zuwa. Toyota Hiace, wadda ake yi tun 1967, ta yi suna a wannan fannin, sai dai a tsofaffin ƙirarta injin yana ƙarƙashin kujerun gaba, don haka kujerun ba sa juyowa su fuskanci ɗaki, kuma wucewa daga gaba zuwa baya ba sauƙi. Ka ce masa ya yi amfani da falanki mara nauyi, ya ɗaure komai da ƙarfen mota da noti, ya sa wa kowace durowa makulli. Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, ka jera kwalaye a cikin motar a matsayin gado da kicin, ka kwana biyu a haka. Sannan ka sanar da hukumar rajistar motoci da kamfanin inshora cewa an canja cikinta, kamar yadda dokar ƙasarka ta tanada.

TAMBAYA: Muna zuwa wurare masu tsananin sanyi. Idan dare ya yi mukan rufe ko'ina mu kunna murhun gas na ɗan lokaci don ɗaki ya yi ɗumi. Akwai laifi?
Daga wasu ma'aurata

AMSA: Don Allah ku daina daga yau. Na ajiye wasiƙarku a ƙarshe ne don ta zauna a zuciyar duk wanda ya karanta. Wuta a rufaffen wuri tana cinye iskar shaƙa, sannan ta fara fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da jin barci, kuma mai barci ba ya jin komai. Haka gawayi, ko da ya daina hayaƙi, ba ya shiga mota ko tanti. Ku sayi ƙararrawar gano wannan iska mai aiki da batir, ku kafa ta kusa da inda kuke kwana, ku riƙa danna maɓallin gwajinta kafin kowace tafiya.

Abin da ya dace da ku shi ne hitar da aka yi don mota, irin ta Webasto ko Eberspächer, mai shan dizal daga tankin motar. Wutarta tana ci ne a cikin rufaffen bututu, hayaƙin ya fita ta ƙarƙashin mota, iska mai tsabta kawai ke shigowa ɗaki. Mai kilowatt 2 ta ishi ƙaramar mota, kuma abin da take sha bai wuce rubu'in lita a awa ba. Ƙwararre ne zai kafa ta. Idan kuna zaɓen mota yanzu, ku nemi wadda ta zo da ita.

Ku lura da irin gas ɗinku ma. Butan yana daina fitowa daga tukunya idan sanyi ya kusa digiri 0, furofan kuwa yana aiki har zuwa wajen 42 ƙasa da sifili. Dukansu sun fi iska nauyi, shi ya sa akwatin tukunyar gas dole ya kasance da rami a ƙasansa mai fita waje, kuma kada a toshe shi da kaya. Ku rufe kan tukunyar kafin ku kwanta da kafin ku tayar da mota.

Ko da hita, ku bar 'yar kafa a taga ko a rufi. Numfashin mutum biyu cikin dare ya isa ya jiƙa gilashi har ruwa ya riƙa gangarowa bayan kabad, kuma daga nan fumfuna da tsatsa suke farawa. Da safe ku goge gilashin da tsumma, ku ɗaga katifa ta sha iska, idan kuma kun sauke rufi tamfol yana jiƙe, ku sake ɗaga shi ya bushe da zarar kun isa gida.